Inshorar da Ta Hana Ni Ba da Haƙuri

Ranar da shugabar makarantarmu ta ce sai na yi inshora kafin ta sabunta mini kwantiragi, dariya na yi a gabanta har da dafa tebur. Na san ana yi wa mota inshora, na san ana yi wa shago saboda gobara. Amma ni me nake da shi? Kujeru biyu, kwalin tishu, da bakina. Ta bari na gama dariyata tsaf, sannan ta ce ai bakin nawa take nufi.

Aikina shi ne ba ɗalibai shawara a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a Bukit Jalil, kwana uku a mako. Karatun maigidana ne ya kawo mu Kuala Lumpur. Da na ga zaman gida a hawa na goma sha bakwai zai haukata ni, ni ma na koma aji na yi digiri na biyu a fannin ba da shawara. Yaran makarantar kusan duk 'ya'yan baƙi ne, Larabawa, 'yan Sudan, da namu na gida. Wani ya zo saboda an tsokane shi, wata ta zo saboda ta rasa darasin da za ta zaɓa, wani kuma sanyin ofishina kawai yake so. Tunda ni ba ma'aikaciyarsu ta dindindin ba ce, inshorar makarantar ba ta haɗa da ni ba. Idan na ba yaro shawara ta ɓaci, iyayensa suka kai ƙara, ni kaɗai za a kama.

Maigidana ya fara da tambayar da na san zai fara da ita: halal ce? Na ce masa ta Musulunci ce, takaful suke ce mata a nan, kuma malamai sun duba. Ya ce to, ya koma kan kwamfutarsa, alamar ya gama nasa aikin.

Wakiliyar kamfanin wata 'yar gajeriyar mata ce 'yar Malay, mai fara'a, da jaka da ta kusa kai ta girma. Kak nake ce mata, wato Yaya a yarensu. A mamak muka haɗu, irin shagunan shayi da abinci na Indiyawa Musulmi da ba sa rufewa. Ta baje takardu tsakanin kofin shayi da farantin roti, ta shiga yi mini bayani. Idan aka yi ƙarata a kan shawara, su za su ɗauki lauya, su biya diyya in ta kama. Idan wani ya zame a ofishina ya karye, nan ma suna ciki. Har kwamfutar da nake ajiye sirrin yara a ciki ta ambata. Ni dai ina gyaɗa kai ina tsoma roti a miya.

Wuri ɗaya ta ja wa layi da jan biro, ta juyo da takardar gabana, tana ƙarasa magana da “lah” irin ta mutanen nan.

“Wannan ki riƙe shi da kyau lah. Duk ranar da wani ya kawo ƙorafi, mu za ki fara kira. Kada ki amsa laifi, kada ki ba da haƙuri, kada ki je wurinsu. In kika yi, kamfani ya zare hannunsa.”

Na ce, “Kak, wa zai yi ƙarata? Mutanenmu ba sa kai malami kotu. Iyakarta su zage ni a bayan ido.”

Ta yi murmushi ta miƙo mini biro. Na sa hannu, har da maiƙon roti a gefen takardar.

A garin nan ina da ƙawa ɗaya da ta wuce ƙawa. Ta girme ni da shekara bakwai, Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanwata. Mijinta malami ne a wata jami'a, kowa Dakta yake ce masa. Lokacin da na haifi ɗana na biyu, a ƙasar da ba ni da uwa ba ni da gwaggo, ita ce ta riƙa hawo jirgin ƙasa kullum da safe ta zo ta dafa mini ruwan wankan jego, ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai na shanye. Kwana arba'in ba ta yi fashi ba. Duk wanda ya san rayuwar baƙunta ya san abin da nake faɗa.

Babbar 'yarta tana makarantarmu, shekararta goma sha biyar. A Kano aka haife ta, amma a nan ta yi wayo. Ka yi mata Hausa ta ba ka amsa da Turanci, in ta ji haushi ta ƙara da Malay. Wata Talata ta shigo ofishina ta zauna, ta cire tishu tun kafin ta ce komai. Kemistiri ne ya sa ta a gaba. Ta yi karatu, ta yi lesin, ta yi addu'a, abin ya ƙi shiga. Ta buɗe mini littafinta, na ga gefen kowane shafi cike da zane: tagogi, matakala, gine-ginen da take hangowa daga jirgi. Hannunta kuwa sai wanda ya gani. Tana so ta ajiye Kemistiri ta koma ajin zane, amma tana tsoron ta buɗe baki a gida.

“Anti, please, ke ki yi wa Mummy magana. She listens to you.”

Canza darasi ba abu ne mai wuya ba a wurinmu. Takarda ce shafi ɗaya, ni in sa hannu, ɗaya daga cikin iyaye ya sa hannu. Na ninke ta na jefa a jaka.

Asabar ɗin muka tafi Jalan TAR ni da Yaya, sayen yadin anko na wani suna. Duk wadda ta taɓa bin ta sayen yadi ta san sai ta ci ta ƙoshi kafin ta fito. Shago bakwai muka shiga. A na takwas, tana murza wani shuɗin yadi tsakanin yatsunta, na ga ranta a sake yake, na jefa maganar.

“Yaya, 'yarki fa Kemistirin nan ya ishe ta. Ta ce in roƙe ki, tana so ta koma ajin zane.”

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Ke ma ai uwarta ce, ƙanwata. Duk abin da kika ga ya dace ki yi kawai. Wannan yadin ba zai yi zuba ba kuwa?”

“To Dakta fa?”

“Bar ni da Dakta.”

Takardar tana cikin jakata, biro ma yana ciki. Na sa hannu a jakar har na taɓo ta, sai kunya ta kama ni. Matar da ta dafa mini ruwan wanka kwana arba'in ta ce ni ma uwa ce, ni kuma in zaro takarda a tsakiyar shago in ce ta sa hannu? Ai kamar na ce ban yarda da maganarta ba ne. Na zaro tishu a maimakonta na goge fuska. Ranar Litinin na rubuta a gurbin iyaye cewa mahaifiya ta amince da baki, na miƙa wa ofis, yarinya ta koma ajin zane tana tsalle.

Yaya ta ce in bar ta da Dakta, na kuwa bar ta da shi. Ashe ita ma barin sa ta yi. Kullum tana jiran ranar da zai dawo da fara'a, shi kuwa mutum ne da fara'arsa ba ta da rana. Zango guda ya wuce. Kwana biyu da fara azumi aka raba sakamako, Dakta ya sa tabarau ya bi layi ɗaya bayan ɗaya yana neman Kemistiri, bai gan shi ba. Mutumin da tun yarinyar tana rarrafe yake ce mata Likita.

Bai zage ni a bayan ido ba. Wasiƙa ya rubuta, shafi uku, da Turancin da sai na duba ƙamus sau biyu. Ya ce mai ba da shawara ta toshe wa 'yarsa hanyar zama likita ba tare da sa hannun iyaye ba, ya ce ya tura wa lauyansa kwafi. Shugaba ta kira ni ofis ta ajiye mini ita a gaba.

Tun ban kai ƙarshen shafi na biyu ba na gama tsara abin da zan yi, don abin da kowa zai yi ne. In koma gida in zura babban hijabi, in ɗauki maigidana da wani dattijo da muke girmamawa a cikin 'yan ƙasarmu, mu je bayan la'asar. In zauna a ƙasa, in ce na yi kuskure, Allah ya huci zuciyarsa. Ya yi faɗansa ya gaji, dattijo ya sa baki, a sha ruwa tare, magana ta mutu. Na tashi ina gyara mayafi, shugaba ta ce in zauna in kira kamfanin tukuna.

Kak ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta faɗi kalmar da na tsana har yau.

“Tak boleh.” Wato ba zai yiwu ba.

“Kak, gaisuwa kawai zan je.”

“Za ki ba da haƙuri?”

“To me zai kai ni in ba haƙuri ba?”

“Tak boleh.”

Na ce to maigidana ya je shi kaɗai. Ta ce bakinsa bakina ne. Na ce dattijon fa, shi ba dangina ba ne. Ta ce in dai ni na aike shi, duk ɗaya. Na ce to saƙo a waya, layi ɗaya, ga matar ba ga mijin ba. Ta ce rubutu ya ma fi muni, don ana iya nuna shi. Lauyan kamfani zai duba lamarin ya ba su amsa, kafin nan ko sallama kada ta haɗa mu. In na karya, lauya da duk abin da zai biyo baya a kaina suke, kuma shugaba ta riga ta faɗa mini ba ta ajiye mai ba da shawara da ba ta da inshora.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a ofishin mutane.

“Ke ba ki san mu ba ne! A wurinmu laifi ƙarami ne, rashin zuwa shi ne babba!”

“Na sani lah,” in ji ta a hankali. “Mu ma a ƙauyenmu haka ake yi. Amma ba ƙauyenmu ne ya rubuta takardar nan ba.”

A gida na zayyana wa maigidana komai ina jiran ya yanke hukunci, ko don in sami wanda zan ɗora wa laifi daga baya. Ya shafa gemu ya ce kowane ɓangare yana da hujja. Shekara da shekaru yana karatu, abin da ya samo ke nan. Amma ba zan laƙa masa ba. Gaskiyar ita ce tsoro na ji. Ina son aikin nan, ina son ofishina da kujerunsa biyu, kuma kalmar lauya ta razana ni. Na ce wa kaina kwana kaɗan ne, Yaya za ta gane.

Washegari ta kira ni. Ina tsaye a kicin ina yanka albasa, wayar tana ta ruri a kan firij, hotonta yana kallona. Na tsaya da wuƙa a hannu har ta katse. Bayan kwana biyu ta sake kira, na kife wayar. Ba ta ƙara kira ba.

A makaranta an mai da yarinyar hannun wani malami. Muka yi kiciɓis a matakala, ta tsaya ta ce, “Anti, Mummy tana tambayarki.” Na ce mata ta yi sauri za ta makara aji. Ni da ake biya don in saurari yara.

Mafi ban kunya shi ne abin da ya faru a Kampung Baru. Duk azumi ana cin kasuwar abincin buɗa baki a can, rumfa bayan rumfa, tun daga la'asar. Na je sayen ɗan abin taɓawa, ina cikin cunkoso sai na hango koren hijabin Yaya yana tahowa. Ban san lokacin da na faɗa bayan rumfar wani mai gasa kaza ba. Mace da 'ya'ya biyu da digiri biyu, na raɓe a bayan buhun gawayi, hayaƙi yana shigar mini ido, ga azumi a baki. Mai kazar ya dube ni ya ce, “Tapau?”, wato ya ƙunsa mini in tafi da ita? Na ce ya ƙunsa. Ya sake tambaya, na ce ya ƙara. Da na leƙo in ga ko ta wuce, idona ya faɗa cikin nata. Ta tsaya kamar za ta yi magana, sai ta juya ta shiga duba kankana a rumfar gaba, ta ba ni hanya. Ranar kaza uku na kai gida. Maigidana ya ci ya yi santi, ya ce in riƙa zuwa kasuwar nan.

Haka azumin ya tafi. Sauran matan sun lura, don mu a nan ba mu da yawa, in ɗaya ta yi atishawa sai an ji har Cyberjaya, can bayan gari. Wata ta bugo ta ce, “Ke kuwa lafiya? Everybody is talking fa. Ki je ki ba da haƙuri mana, me zai rage ki da shi?” Na ce akwai dalili. Ta yaya zan yi mata bayanin jan layi a takarda? Da na faɗa ma cewa za ta yi boko ya yi mini yawa.

Saura kwana biyu Sallah shugaba ta kira ni, fuskarta a washe. Dakta ya janye ƙorafinsa. Yarinya za ta ci gaba da zane, a ƙara mata Kemistiri ranar Asabar, kowa ya samu nasa. Na fito ina jin kamar an sauke mini tulu daga ka. Nan take na kira Kak ina ta zuba godiya, ina cewa lauyan nan nasu Allah ya yi masa albarka.

“Lauya?” in ji ta. “Ai bai ma aika wasiƙar ba tukuna. Amma tunda sun janye a rubuce, yanzu boleh. Je ki ba da haƙurinki.”

Ban tsaya tunanin abin da ta faɗa ba, murna ta hana ni. Ran uku ga Sallah na yi cincin, na soya nama, na sa ankon shuɗin yadin nan, na tafi gidan Yaya da hantsi.

Ita ta buɗe mini ƙofa. Ta yi fara'a, ta ce barka da Sallah, ta karɓi ledar ta yi godiya. Na nufi ciki kamar yadda na saba, sai ta nuna mini kujera a falo. Na zauna a bakin kujerar. Ta shiga ta fito da tire, lemo a cikin kofin gilashi mai ruwan zinare, irin waɗanda take fitarwa idan abokan aikin Dakta sun zo. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi maigida, ta tambayi aiki.

Na fara jero bayanina, kamfani, jan layi, lauya, abin da Kak ta ce. Tana saurare tana gyaɗa kai. Da na kai inda nake cewa Allah ya taimaka Dakta ya sauko da kansa, sai ta ɗan yi murmushi.

“Ba da kansa ya sauko ba. Ni na ce masa ni na sa ki. Na ce maganata ce, ke aike kawai kika cika. Ya ce in gaskiya ne in rubuta. Na rubuta, na sa hannu, na hau jirgi na kai wa shugabarku ranar da ba ki zuwa aiki.”



“Sati biyu a masallaci yake buɗa baki,” ta ci gaba, tana gyara zaman kofin a kan tire. “Ina girki ina ajiyewa, da safe in juye. Amma ya wuce, mun shirya.”

“Yaya, da kika kira ni...”

“Cewa zan yi kada ki damu, zan gyara. Na san ki da sa abu a rai, na ce kada ki yi azumi cikin tashin hankali. Shi ke nan abin da zan faɗa miki.”

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba a rayuwata. Na zamo daga kujerar na durƙusa a kan kafet, na faɗi abin da na riƙe kusan wata guda.

“Yaya, don Allah ki yi haƙuri. Na yi kuskure.”

Ta yi sauri ta kamo hannuna ta ɗaga ni.

“Haba Malama, tashi mana. Ba komai wallahi. Aiki ne, kowa da dokar aikinsa. Sha lemonki kada ya huce.”

Na sha. Muka taɓa hirar zafin gari da tsadar tumatir. Da na ce zan tafi ba ta ce in ƙara zama ba. Ta ƙullo mini tuwon madara a leda na yara, ta yafa mayafi, ta rako ni har bakin lif. Ita ta danna mini maɓallin da kanta, ta ce in gaida gida, ta tsaya tana murmushi har ƙofar ta rufe. Shekara shida ina zuwa gidan nan, ba ta taɓa rako ni ba.